Hular da Ta Kori Uzairu

Shekara ashirin da shida na yi ina koyar da Turanci a sakandare a Rano. Na zane yara a kan nahawu, na gyara wa shugabannin makaranta uku wasiƙunsu, amma kalma mai harafi uku a Turance ce ta kayar da ni warwas. Kalmar da ɗan aji biyu na firamare ke rerawa yana dafa kansa: kyaf, hula. Har yau in na ji yaro ya faɗe ta sai in sunkuyar da kai.

Sunana Sallau. Uzairu, wanda abin ya faɗa wa, ɗan yayata Hansatu ne, ɗanta na fari, wanda ta haifa wa Malam Ishiyaku na Tarai a ƙasar Kibiya. Malam Ishiyaku malamin allo ne, shi ke jan sallah a masallacin unguwarsu. Siririn mutum ne mai ƙaramar murya, in ya ce a'a ba ya maimaitawa, kuma ba a taɓa jin ya dawo ya ce e ba. Yadda aka yi mutum kamar sillen kara ya haifi Uzairu, Allah kaɗai Ya sani. Yaron yana ɗan shekara goma sha biyar sai ya sunkuya kafin ya shiga zauren ubansa, takalmi kuwa sai baduku ya auna ƙafarsa a kan kwali ya ɗinka masa.

Ni na roƙi Malam ya ba ni shi ya yi sakandare a wurina. Ya ba ni, da sharaɗin ba zai saki hadda ba. Bai sake ta ba kuwa, har ya kai izu arba'in da biyu a ka. A shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano ke nan, lokacin da kowa ke ji da addininsa, har mai sayar da rake yana da fatawa.

Sai ga wasu mutane sun zo Kano neman dogayen yara don ƙwallon kwando. Malamin wasanninmu ya kai Uzairu, suka gan shi suka rikice. Kafin wata shida wata makaranta a Amurka ta aiko da takarda: karatu kyauta, ci da sha kyauta, shi dai ya yi musu wasa. Saura sa hannun uba. Na kai wa Malam takardar har Tarai, na yi masa bayani na kusan awa guda, na kawo falalar tafiya neman ilimi, na kawo duk abin da na iya. Ya saurare ni har na gaji, sannan ya ce yaron da ya rage masa izu goma sha takwas ba za a kai shi ya yi tsalle da gajeren wando a gaban matan mutane ba.

Ni na sa hannun. A wurin da aka rubuta uba ko mai riƙo na rattaba sunana, har da 'yar lanƙwasa a ƙarshe, ina jin kaina wayayye. Ran da Uzairu ya je sallama, ya durƙusa a zaure tun hantsi har azahar. Da Malam zai tashi alwala ya ce, ba tare da ya dube shi ba:

"Ba zan yi maka baki ba. Amma albarkata ba ta bi ka ba."

Da wannan guzurin ya hau jirgi a shekarar 2003.

A can suka ga faɗinsa ya fi tsallensa, suka mayar da shi wasan zari-ruga irin nasu na Amurka, wanda ƙarti ke sa hular kwano da kafaɗun roba suna gwabza karo kamar raguna. Aikin Uzairu shi ne ya tsaya a gaba ya tare ƙarti 'yan'uwansa kada su kai ga mai jefa ƙwallo. Ya yi jami'a a haka, daga nan wata babbar ƙungiya ta ɗauke shi. Mutanen Rano sun sha wuya kafin su fahimci ɗan ƙwallon da ba ya taɓa ƙwallo. Amma a 2012, da rediyo ta ce ɗan Kibiya ya sa hannu a kwantiragin shekara huɗu na dala miliyan goma sha takwas, nan take kowa ya gane wasan. A teburin mai shayi aka juya kuɗin zuwa naira, aka rasa inda za a sa sifili. Mutanen da ban taɓa gani ba suka fara kira na Kawu.

Malam kaɗai abin bai taɓa ba. Uzairu ya aiko da kuɗin gyaran gida, ya ce a mayar. Ya biya masa kujerar Makka, ya ce shi ba ya zuwa ɗakin Allah da kuɗin karo. Yayata takan karɓi nata ta hannuna a ɓoye, ta sayi hatsi ta raba wa maƙwabta, ita kuma tana ramewa. Ko sunan yaron ba ta faɗa, ɗan fari ne, sai dai ta ce, "Mutumin naka ya bugo?"

Yana bugowa kuwa. Tun da wayar hannu ta iso Rano, duk Juma'a da la'asar, lokacin su can safiya ce, sai ya kira ni. Mu yi hirar damina, da wanda ya mutu da wanda ya yi aure. In ya kusa ajiyewa sai muryarsa ta yi ƙasa, ya ce, "Kawu, Malam fa? Ya ce wani abu?" Ni kuma in ce Malam lafiya lau, yana fama da ɗalibai. Shekara da shekaru muna wannan. Ƙaton da ake nunawa a talabijin, dubban mutane na ihu a kansa, abin da yake nema a duniya bai wuce uban nan nasa ya buɗe baki ya ce Allah Ya yi maka albarka ba. Ni da na raba su, kowace Juma'a tambayar nan sai ta soke ni.

A watan Maris na 2014, ana tsakiyar zafin bazara, Juma'a biyu suka wuce bai bugo ba. Na kira, waya a kashe. Hankalina ya tashi. Ranar Asabar na je shagon kwamfuta da ke kusa da tashar Rano, na biya kuɗin rabin awa, na rubuta sunansa. Layin ya yi ta jan ƙafa, minti ashirin suka tafi a banza, sannan wani ɗan labari mai layi huɗu ya buɗe. Ƙungiyarsa ta sallame shi. Dalili, in ji marubucin, kyaf. An nemi ya sassauta saboda kyaf, ya ƙi, aka kore shi. Har marubucin ya lissafa shi cikin waɗanda kyaf ta ci a bana. Akwai wani layi da ke cewa ƙungiyar tana neman sarari a ƙarƙashin kyaf. Wannan ban gane shi ba, na ce salon 'yan jarida ne, na tsallake.

Kada wani ya ce mini ban yi tunani ba. Na yi. A hotunan da yake aiko mini, in ya cire hular kwanon, akwai wata 'yar baƙar hula da ke lafe a kansa, na daɗe ina ɗauka tagiya ce. A shekarun nan kuma kullum rediyo tana kawo labarin ƙasa kaza a Turai ta hana hijabi, makaranta kaza ta kori ɗaliba saboda ɗankwali. Na haɗa wannan da wancan, komai ya zauna daidai. Ga shi baƙi, ga shi Musulmi, sun ce ya cire hula ya ƙi. Lokacina ya ƙare, mai shago ya zo ya tsaya a kaina. Da na ƙara rabin awa na nemi labari na biyu, da ba a kai ga haka ba. Ban ƙara ba, domin gaskiyar magana so nake abin ya zama haka.

Na hau babur na nufi Tarai, hawaye na bushewa a fuskata. Na tarar da Malam a zaure yana feƙe alƙalami. Ban ko gama gaisuwa ba na zazzage masa: an kori Uzairu daga aikin miliyoyi saboda ya ƙi cire hula. Ya ajiye wuƙar a hankali. Ya tambaye ni ko da idona na karanta, na ce da idona. Ya tambaye ni ko kalmar ba ta da wata fassara. Nan raina ya ɗan sosu.

"Malam," na ce, "in kai aka kawo wa Larabci ba zan yi maka wannan tambayar ba. Turanci sana'ata ce."

Sai na ga gemunsa yana rawa. Mutumin da ya binne 'ya'ya biyu idonsa a bushe, ranar nan ya yi kuka a gabana. Ya ce ashe abin da ya shuka bai mutu ba. Ya sa aka kira yayata ta tsaya a bakin ƙofar cikin gida, ya ɗaga hannu ya kira sunan Uzairu, ya ce ya yafe masa duniya da lahira, Allah Ya yi masa albarka, Ya yi wa zuriyarsa. Yayata ta zame ta zauna a ƙasa. Ni kuwa ji na yi an sauke mini dutsen niƙa daga ƙirji.

Washegari bayan la'asar Malam ya faɗa wa jama'a a masallaci. Kafin Juma'a labari ya cika Kibiya, ya tsallaka Rano, ya kai Rurum. A hanya ya yi ƙiba. Aka ce an ajiye masa jakar dala a gefe ɗaya, hula a gefe ɗaya, aka ce ya zaɓa. Aka ce ya yi kabbara a ofishin shugaban ƙungiyar har gilashi ya tsage. Masu wa'azin kasuwa suka samu abin yi. Wani mai sayar da huluna ya laƙaba wa wata zanna-bukar suna "Uzairu ya ƙi", kasuwa biyu ta ƙare masa. Ni ma na saya, abin kunya.

Bayan mako uku wayata ta yi ƙara, ina cikin duba takardun jarrabawa. Uzairu ne, muryarsa ta dushe kamar ta mai jinya. Ban bar shi ya yi magana ba, na ce albishirinka, Malam ya yafe, ya sa maka albarka a gaban mahaifiyarka, ya maimaita a masallaci. Ya yi kuka sosai, ni ma na taya shi. Da ya lafa sai ya tambaye ni me ya sauko da Malam. Na gaya masa, ina alfahari.

Sai ya yi wata dariya wadda ba na fatan in sake jin irinta.

"Kawu, ba hula ba ce. Rufi ne. Iyakar albashi."

Ya yi mini bayani a hankali, yadda nake yi wa daƙiƙan aji. Ƙungiyoyin wasan nan talatin da biyu ne, kuma akwai doka a tsakaninsu: kowace shekara ana yanke adadin kuɗin da ƙungiya ɗaya za ta kashe a albashin 'yan wasanta gaba ɗaya, su hamsin da uku, ba ta isa ta haura ba. An yi haka ne wai don kada masu kuɗi su kwashe gwanaye su bar sauran da tarkace. Wannan iyakar ita ake kira kyaf. Ya ce in ɗauka motar kaya ce da aka ƙayyade mata nauyi. In lodi ya yi yawa, buhun da ya fi nauyi ake fara saukewa, balle in ya huje.

Na ce to miliyan goma sha takwas ɗin fa, ba sa hannu aka yi ba? Ya ce a wasansu sa hannu ɗan wasa yake ɗaurewa, ƙungiya kuwa a sake take. Abin da aka lamunce masa shi ne kuɗin sa hannu da albashin shekarar farko. Manyan kuɗin da gangan ake tura su shekarun ƙarshe, don jarida ta samu babban adadi, wakilin da ke ƙulla masa ciniki ya samu suna, kuma kowa a ɗakin ya san da wuya a kai can. An yi masa aiki a gwiwa sau biyu. Da shekara ta uku ta zo, kasonsa a ƙarƙashin rufin ya yi nauyi, suka kira shi suka ce ya yarda a rage albashinsa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Wakilinsa ya ce ya ƙi, wasu za su ɗauke shi da daraja. Ya ƙi. Suka sallame shi ta waya cikin minti biyu, suka ɗauki yara uku sabbin fitowa daga jami'a da kuɗinsa. Ya je gwaji ƙungiyoyi biyu, likitocinsu suka duba gwiwar suka girgiza kai. Abin da ya shiga hannunsa a baya kuwa, haraji ya cinye kusan rabi, wakili ya yanki nasa. Ba ya cikin talauci, amma ba shi ne mutumin da aka lissafa a teburin mai shayi ba. 'Yar baƙar hular nan kuma ta tsane gumi ce, kowa yana sawa, har waɗanda ba su san gabas ba.

Ban san lokacin da na zauna a kan takardun yara ba. Abin da ya fara fita daga bakina, ina jin kunyar faɗa, ba ban haƙuri ba ne. Cewa na yi kada ya gaya wa kowa. Na ce wa zai je Amurka ya bincika? Na ce ai ba shi ya yi ƙarya ba, ni na yi kuskure, zunubin a wuyana, shi dai ya karɓi albarkarsa ya yi shiru. Ya ce zai zo gida in ruwa ya sauka.

Watanni biyun da suka biyo baya ban taɓa ganin masu muni irinsu ba. Malam ya zama wani mutum. Shi da ba ya tsayar da ni hira, yanzu in na je Tarai sai ya sa a shimfiɗa mini buzu kusa da nasa, ya yi ta tambayata yadda garin da Uzairu ke zaune yake, ko akwai masallaci kusa, ko ana samun naman yanka. Na ce a kira shi a waya su gaisa, ya ce a'a, maganar shekara goma sha ɗaya ba a yin ta a cikin ƙarfe, sai ido da ido. Ya sa aka yaɓe ɗakin da ke kusa da zaure, aka ɗaga ƙofarsa don kada ɗansa ya sunkuya. Ya ce izu goma sha takwas ba wani abu ba ne, damina biyu ta ishe su. Wata rana har ya ce mini ya daɗe yana riƙe da ni a ransa, ashe Allah Yana da nufinSa a sa hannun nan nawa. Na ce haka ne, Malam. Furar da aka kawo mini ranar ko taɓa ta ban yi ba.

Sau biyu na buɗe baki zan gaya wa yayata. Na farko na tarar tana surfe tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, rabon da in ji haka tun muna yara. Na biyu ita ta riga ni, ta ce in tambayi mutumin nawa me zai fara ci in ya zo. Na haɗiye maganata. Na gaya wa kaina tausayi ne ya hana ni, amma har da tsoron ranar da Rano za ta ji malamin Turanci bai san Turanci ba.

Na tarye shi a filin jirgi na Kano a watan Yuni. Na hango kansa a saman na kowa, sannan na ga sandar. Ɗan shekara ashirin da takwas yana jan ƙafar dama kamar tsoho, gwiwar ba ta lanƙwasuwa. Na ɗauko shatar mota, sai da aka tura kujerar gaba har ƙarshe kafin ya shiga. Daga Kano har Rano bakina bai huta ba. Na ce ya dubi mahaifiyarsa, wadda ta fara cin abinci. Na ce ya dubi tsufan Malam. Na jawo masa maganar malamai a kan ƙaryar sulhu, ni da ban karanta ba. Na ce ba sai ya faɗi komai ba, in an tambaye shi ya ce Allah ne Ya ƙaddara. Shi dai yana kallon gonaki ta taga, ana ta noman fari, yana rufe ido in rana ta haske shi. Ya ce haske na sa masa ciwon kai tun wani karo da ya yi.

A Tarai kuwa gari ya fito. Mota ba ta iya kaiwa ƙofar gida ba. Ana kabbara, ana miƙo hannu, mata na leƙe ta kan katanga. Wani dattijo ya hau dakali ya ɗora masa "Uzairu ya ƙi" a ka, ta zauna a tsakar kan kamar murfin tulu. Sai Malam ya fito daga zaure da kansa, abin da ban taɓa ganin ya yi wa wani baƙo ba, ya kama hannun ɗansa da hannu biyu, ya ja shi ciki. Na ga fuskar Uzairu a lokacin. Da a nan ransa ya fita, da ya tafi da farin ciki.

Da aka watse bayan azahar muka rage mu uku a zaure, yayata tana bayan ƙofa, ina ganin gefen zanenta. Uzairu ya yi ƙoƙarin durƙusawa ya kasa, dole ya zauna a tabarma ya miƙe ƙafar, tafinta na kallon mahaifinsa. Ya shiga ba da haƙuri. Malam ya ce ya bar ta, ƙafar da ta tsaya wa addini ta miƙe inda ta ga dama. Sannan ya gyara zama, fuskarsa na haske, ya ce:

"Na ji a bakin kawunka, na ji a bakin gari. Yanzu ina so in ji a bakinka. Yaya suka ce maka?"

Na yi gyaran murya, na ce yaro ya sha hanya, a bari ya huta. Ko kallona ba su yi ba. Uzairu ya ɗaga hannu ya cire hular, ya ajiye ta a tabarma.

"Malam, ba wanda ya ce in cire hula. Kuɗina ne ya yi musu yawa, ƙafata kuma ta lalace."

Ya faɗi komai, rufin, da takardar, da wayar minti biyu. Bai ɗora mini laifi ba, ya ce kalmar ce mai fuska biyu. Malam ya saurara bai motsa ba, ina kallon hasken nan yana janyewa daga fuskarsa. Da ya gama, Malam ya tambaye shi sallah, ya ce yana yi, amma ranar wasa yakan haɗa, wani lokaci ta kuɓuce masa. Ya tambaye shi hadda, ya ce in aka matsa zai kawo izu biyar.

"Da sun ce ka cire fa?"

Na roƙi Allah a zuciyata yaron nan ya yi ƙarya sau ɗaya tak.

"Ba ni da hular cirewa, Malam. Rabona da ita tun shekarar da na tafi. Da sun ce, ina jin da na cire."

Bayan ƙofa na ji yayata ta ja numfashi. Malam ya dube ni, kallo ɗaya, ya tashi ya ɗauki butarsa.

A masallaci bayan sallar la'asar ya miƙe ya ce jama'a su dakata. Cike yake har waje, duk an zo ganin gwarzo. Uzairu na can baya a kan kujerar roba, don ba ya iya sujada. Malam ya ce labarin da ya ba su wata uku da suka wuce ba gaskiya ba ne. Ba a kori ɗansa don addini ba. Ma'aikaci ne da ya yi tsada, ƙafarsa ta mutu, iyayen gidansa suka nemi mai araha. Ya ce laifin nasa ne, shi da ya karɓi labari daga mutum ɗaya ya tsaya da shi gaban jama'a bai bincika ba, yana neman gafarar Allah da tasu. Bai ambaci sunana ba. Da ya zage ni a gaban kowa da na fi samun sauƙi. Mutane suka fita sum-sum, wasu na cire hula suna cusawa a aljihu. Na ji wani a bakin ƙofa yana cewa ashe gurgu aka dawo mana da shi, kuɗin ma babu.

Malam ya aiko a ce mana mu koma Rano, mu dawo ranar Alhamis. Kwana uku Uzairu ya yi a ɗakina, ƙafa a kan matashi, bai ci abin kirki ba. Cikin masu kira na Kawu ba wanda ya leƙo. A makaranta kuwa yara sun riga sun ji. In na juya ina rubutu a allo sai in ji wani daga baya ya ce "kyaf" a hankali. Ban hukunta kowa ba.

Ranar Alhamis da hantsi muka same shi a zaure, littattafai a buɗe kewaye da shi, har da wasu tsofaffi masu jar takarda waɗanda ban taɓa ganin ya fito da su ba. Idonsa ya faɗa. Bai ja gaisuwa ba. Ya yi magana yana kallon littafin da ke gabansa, da muryar da yake raba gado.

"Albarkar da na sa, na sa ta ne a kan labarin da ba haka yake ba. Kwana uku ina dubawa ko uba yana da hanyar janye ta. Ban samu ba. Addu'a ce, ta riga ta tafi, ba ni da iko a kanta. Yafiyar ma na yi ta a gaban shaidu. Saboda haka tana nan. Ka je da ita."

Uzairu ya jira. Ni ma na jira, ko zai ƙara da wani abu, ko ya tambayi ƙafar, ko ya ɗago ido kawai. Malam ya lashi yatsa ya juya shafi. Can ya ce mini in gaida mutanen Rano.

Sai da na sa kafaɗa na taimaka wa Uzairu ya miƙe. Yayata ta biyo mu har bakin mota da ƙwarya a rufe. Ta ajiye masa ita a cinya, ta sunkuya ta dafa gwiwar nan da tafin hannunta, ta daɗe, sannan ta juya da sauri. Muka kama hanya. Mun wuce Kibiya kafin in samu bakin magana, kuma da na samu, maganar banza na yi. Na ce to alhamdu lillahi, ko ba komai an samu abin da ake nema, albarka dai ta tabbata.

Ya daɗe yana kallon ƙwaryar.

"Kawu, lokacin da yake fushi da ni, kullum ina sa ran wata rana zai huce ya kira ni. Yanzu me zan jira?"

Direba ya rage gudu saboda shanu na tsallaka titi, muka tsaya har suka gama wucewa.